Bugun Yaya Akosita

"Ba zan maimaita ba, Luseane. Ɗan Niua dai, ba da yawuna ba."

Gwaggo Manusiu ce ta faɗi haka tana zaune a kan tarin tabarmi masu laushi a ƙuryar ɗaki, wurin da babu mai hawa sai ita. Yayar mahaifin Luseane ce, kuma a kowane gida na garin nan maganar yayar uba ita ce ta ƙarshe. Ko shi mahaifin nasu, har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Luseane na durƙushe a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya, da tsohuwar tabarma yagaggiya ɗaure tun daga ƙirjinta har idon sawu, irin ɗaurin wanda mutuwa ta shigar masa ɗaki. Makon jiya aka binne yayarta Akosita. Tun ranar take bakin murhu tana dafa wa 'yan makoki doya da gwaza, har hayaƙi ya jiƙe mata gashi.

"Gwaggo, ki yi mini rai..."

"Rai nake miki. Lisiate ya taso tun daga Auckland, can ƙetaren teku, saboda mutuwar nan. Kin ga katan-katan ɗin naman gwangwani da ya sauke? Yana da gida, yana da aiki, uwarsa ƙawata ce tun muna 'yan mata. Da an tashi makoki za a yi magana, ku wuce tare."

"Heilala fa?"

"Ta zauna wurina har takardunta su fito."

Heilala ita kaɗai ce 'yar Luseane, ita ce abin da mijinta ya bar mata kafin teku ta tafi da shi da kwalekwalensa.

"Gwaggo, yarinyar da ba ta barci sai hannunta na cikin gashina? Takardun nan kin san su, akwai waɗanda suka yi furfura suna jiransu."

"To sai ki zauna wa Kelepi? Me yake da shi? Ba gona, ba gida, danginsa na can tsibirin Niua, ƙarshen duniya, inda jirgin ruwa ke zuwa in ya ga dama. Ƙato da shi, yana bin zakaru da sanda mai gashi a ka yana ɗaukar cara! Wannan ne miji? Tashi ki mayar masa da 'yar na'urar ɗaukar sautin da ya ba ki, ki faɗa masa da bakinki. Yau, ba gobe ba."

Luseane ta tashi a sunkuye, ta fita da baya.

Garin shiru kamar an ɗauke numfashinsa. A ranakun lafiya, tun hantsi har la'asar ba ka jin komai sai bugun mata: gudumar itace a kan dogon gungume, suna faɗaɗa ɓawon itacen hiapo har ya zama zanen ngatu. Amma tun da Akosita ta rufe ido aka jingine kowace guduma. Babu hannun da zai sake taɓa gungume sai ranar da Gwaggo Manusiu ta ɗaga nata ta yi bugun farko, ta saki gari daga makoki. Haƙƙinta ne, kuma ba a taɓa jin wanda ya riga mai haƙƙi ba.

A ɗakin taron coci ake bitar rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, duk Asabar tun farkon shekara. Saboda makokin, kowa ya toshe kunnuwansa da abin ji, magana ma sai da raɗa. Malama Fololeni, wadda ke zuwa daga babban birni Nuku'alofa tana koyar da su, tana tsaye kan wani saurayi tana karanta rubutunsa.

"A'a. Wa ya ji wannan kukan? Na faɗa muku, a wasanmu babu mai ba da labari. Duk abin da kunne zai ji, sai in wata na'ura ce a cikin labarin ta kama shi. Wa ya danna? Don me ya danna? Me ya manta bai kashe ba? In ba ka da amsa, soke shi."

Ta ɗago ta ga Luseane, fuskarta ta yi laushi. Ta zo ta rungume ta.

Wata 'yar bita ta zunguri ta kusa da ita, ta yi raɗar da kowa ya ji. "Ku duba ɗan Niua. Tun safe kamar kazar da ruwa ya doka, yanzu har wuyansa ya miƙe."

Kelepi na can ƙarshen ɗaki gaban akwatin haɗa sauti. Dogo ne, mai sanyin magana, idanunsa sun faɗa don rashin barci. Ya miƙe da ganinta, amma da ta ajiye 'yar na'urar a gabansa sai ya koma ya zauna a hankali.

"Luse, me ke nan?"

"Abin da ka gani."

"Gwaggo ce?"

Ta gyaɗa kai, hawaye suka ɓalle mata.

"Ta ba da ni ga Lisiate. Za su raba ni da Heilala, Kelepi. Ni ban ma san wanne zan yi wa kuka ba, kai ko ita ko Yaya. Da Yaya na nan da ta shige mini gaba, ita kaɗai ke iya sa Gwaggo dariya har ta manta abin da ta rantse a kai. Yanzu wa gare ni?"

"Kina da ni."

"Kai da ba a bari ka taka ko ƙofar gidanmu?"

"Mu tafi Niua. Akwai ɗakin kakata, akwai kwakwa, akwai kifi. Heilala ba za ta kwana da yunwa ba."

"In gudu cikin makokin yayata? In bar 'ya'yanta biyu suna kallon hanya? Haba Kelepi. Ranar da Heilala ta girma ta zo aure, wa zai shimfiɗa mata ngatu, wa zai tsaya mata? Ba zan mayar da 'yata marar dangi ba don ni na ji daɗi."

Ya dubi hannayensa.

"Na ji. Ba zan ja da ke ba. Amma kafin ki tafi, ki saurari abu ɗaya. Na gama haɗa wasanki."

Wasan Luseane labarin wata mata ce da mijinta ya tafi tsinkar tuffa a ƙasar waje. Kunya ba ta barin ta ta ce masa tana kewarsa, sai ta riƙa ɗaukar masa sautin gida tana aika masa: ƙararrawar coci, ruwan sama a kan kwano, cara, bugun ngatu. Don wannan bugun ne Kelepi ya bi ta gida wata rana da sandarsa mai gashi ta ɗaukar sauti, lokacin Akosita na da lafiyarta garau, ya ɗauki 'yan'uwan biyu suna aiki a gungume ɗaya.

"Akwai ta a ciki?" Luseane ta tambaya da ƙyar.

"Akwai ta."

Ta zauna. Ya danna, ya miƙo mata abin jin da ke kunnensa, sai ya ga soson gefe ɗaya ya yage.

"Tsaya in sa miki mai kyau."

Ya fizge wayar daga jikin akwatin.

Abin da ya manta, kuma kowa a ɗakin ya manta, shi ne babbar lasifikar da ke kan rufin coci. Ranar jana'iza an jona ta da wannan akwatin don waƙoƙin mawaƙa su kai ko'ina, kuma ba wanda ya cire. Da wayar kunne ta fita, sai sautin ya nemi wata hanya.

Kam. Kam-kam. Kam.

Daga sama ya sauko, ya rufe gari gaba ɗaya.

Guduma biyu ne, ɗaya mai nauyi mai tabbas, ɗaya na bin ta a baya. Duk wanda ya girma a garin ya san mai nauyin. Babu mai bugu irin na Akosita, mai saukar da hannu kamar tana taka rawa, ta ɗan yi jinkiri sannan ta zubo biyu a jere.

Luseane ta dafe kujera. Kelepi ya tsaya da waya a hannu, baki buɗe. Ta taga suna hango rumfar girki: wata mata ta saki tukunya, wata tsohuwa ta zube a gwiwa ta ɗaga hannu sama. Maza da ke haƙa ramin gasa abinci suka cire huluna. Ko karnuka ba su yi haushi ba.

Sai murya ta biyo, tas, cike da dariya.

"Kai ɗan Niua, matso da sandar taka mana, gungumen ba ya cizo! Luse, ke kuma kina makara. Daina kallonsa, bi hannuna!"

Dariyarta ta bi ta kan rufin gidaje, ta kan itatuwan kwakwa, har bakin teku.

Daga gidan makoki yara biyu suka fito a guje, ba takalmi, suka nufi rumfar bugu ta bayan gida suna kiran "Mama! Mama!"

Wannan ne ya farkar da Kelepi. Ya kai hannu ya kashe. Shirun da ya biyo baya ya fi na ɗazu nauyi.

"Na shiga uku," Malama Fololeni ta faɗa a hankali. "Kelepi, me ka yi?"

Ba a daɗe ba suka ji tahowar jama'a. Gwaggo Manusiu ce a gaba, tana tafiya ba gaggawa, Lisiate na bayanta da baƙar riga mai sheƙi. Tana sa ƙafa a ɗakin kowa ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Wa ya buga?"

Kelepi ya rarrafo ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa siminti.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Ba da gangan ba ne, amma hannuna ne."

"A garinku haka ake yi? A binne mutum, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, baƙo ya zo ya ƙwace bugun farko daga hannun mai shi? Ka sa marayu suna tone rumfa suna neman uwarsu!"

Lisiate ya matso yana huci. "Gwaggo, ki ba ni izini in fasa akwatin nan. Shi kuma a sa shi a jirgin da ya fara samuwa. Mutumin da bai san komai ba sai kukan kaji!"

"Ban tambaye ka ba, Lisiate." Ta mayar da ido kan Kelepi. "Abin nan yana goguwa?"

"Yana goguwa."

"Akwai shi a wani wuri?"

Da ya yi ƙarya da ya tsira da shi.

"Babu. Nan kaɗai ne."

"Goge shi. Yanzu, a gabana."

Ya tashi a kan gwiwoyinsa, ya kai yatsa. Luseane ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Sai ganinta aka yi ta faɗa kan akwatin ta rufe shi da jikinta, tsohuwar tabarmar na ƙara tana yagewa. Ɗakin ya kaure da mamaki. Ba a taɓa ganin 'yar ƙane ta tsaya a tsaye gaban yayar ubanta ba.

"Luseane! Kin haukace?"

"Wataƙila, Gwaggo. Ki aske mini gashi har fata, ki aura mini wanda kika ga dama, ba zan ce uffan ba. Amma wannan ba za a goge ba." Kuka ya ci ƙarfinta, ta yi ta magana a cikinsa. "Heilala ba ta san muryar ubanta ba. Kullum sai ta tambaye ni, Mama, yaya yake magana? In buɗe baki in kwaikwaya, sai in ga ni ma ta gudu daga kunnena. Ni da na kwana ɗaki ɗaya da shi! Yaran Yaya ƙanana ne. Kafin su yi wayo za su manta. Wannan kaɗai ya rage musu a duniya, Gwaggo. Laifin a kaina, ni na zo, don ni ya kunna. Ki hukunta ni, ki bar musu uwarsu."

Ba wanda ya motsa. Gwaggo Manusiu ta dube ta, fuskarta ba ta nuna komai.

"Matsa."

"Gwaggo..."

"Na ce matsa. Kai, ɗan Niua, sa mini abin nan a kunne. Ni kaɗai. In ya sake fita sama, sai na sa an jefa ka a teku."

Ya cire wayar lasifika, ya jona ta kunne, ya ɗora mata a kan furfurarta. Ya danna.

Su ba su jin komai. Fuskarta kawai suke kallo. Da farko ta haɗe gira. Can sai idanunta suka buɗe, ta juya ta dubi bayanta kamar wani ya taɓa ta a kafaɗa. Ta ɗaga hannu ta laluba iska. Sannan hannun ya sauko kan cinyarta ya fara bugawa a hankali, jinkiri, sai biyu a jere.

"Tana nan," ta faɗa da ƙarfi, irin na wanda bai san muryarsa ta fita ba. "Ga ta nan a gefena na dama. Har numfashinta ina ji. Har tsuntsun da ke kan mangwaro..." Ta girgiza kai. "Ja'ira. Na hana ta wannan jinkirin tun tana yarinya, ba ta ji ba."

Hawaye suka gangaro mata. Tun da aka yi mutuwar ba wanda ya ga hawayenta, ita ce mai raba tabarmi, mai ba da umarni, mai tsawata wa masu kuka. Matan da ke bakin ƙofa suka rufe fuskokinsu.

Da ya ƙare ta cire abin da kanta, ta riƙe shi a hannu biyu kamar ƙwai.

"Yaya ka yi ka sa mutum a ciki haka?"

"Ba ni na sa ta ba, ranki ya daɗe. Na dai tsaya kusa, na yi shiru."

Ta share fuska da gefen mayafinta, ta koma Gwaggo Manusiu da kowa ya sani.

"Gari ya riga ya ji bugu. Ba zan bar shi a rataye ba, rabi makoki rabi sake. Ku kawo mini gudumar Akosita."

A rumfar bayan gida ta zauna gaban dogon gungumen, jama'a kewaye, yaran Akosita manne a jikin Luseane tare da Heilala. Ta ɗaga gudumar sama, ta daɗe a haka, sannan ta sauke.

Kam.

Ta yi jinkiri. Ta zubo biyu a jere.

Daga can ƙarshen gari wata guduma ta amsa. Sai wata daga bayan coci. Sai wata, sai wata, har garin ya cika da bugu ta kowace kusurwa, tsigar jikin Luseane na tashi, tana jin sa a tafin ƙafarta ta cikin ƙasa.

Gwaggo ta ajiye gudumar ta yafito Lisiate.

"Ka gaida uwarka. Ka ce mata na gode da ɗawainiya. Yarinyar nan ba za ta ƙetare teku ta bar 'ya'ya uku a baya ba. Na ga abin da ban gani ba da safe."

"Amma Gwaggo, kin yi mini alkawari!"

"Na yi, na kuma warware. Kai ƙarata wurin wanda ya fi ni a gidan nan, in ka same shi."

Ya juya fuu ya bar wurin. Luseane ta ƙanƙame Heilala har yarinyar ta yi ƙara.

"Kai kuma, ɗan Niua, kar ka washe mini baki, ban ce na ba ka ba. Gobe ka nemo manyanka, in Niua na da manya, ku zo da saiwar kava ta sha da alade ku ba da haƙuri a kan abin da ka ƙwace. Bayan nan, tunda kana son bugu, sai ka san inda yake fitowa. Akwai gonar mijina ta bakin dutse. Ka shuka mini hiapo a cikinta da hannunka. Ranar da ɓawonsa ya isa hawa gungumen nan, ka zo ka tambaye ni Luseane. Kafin ranar, ba magana tsakaninku, ba aike."

Kelepi ya zube yana godiya, yana dariya yana hawaye. "Na yarda! Na yarda, ranki ya daɗe! Gobe ma zan fara!"

Luseane ba ta yi dariya ba. Ta dubi matan da ke kewaye, ta ga kowace ta sunkuyar da kai. Shi baƙo ne, bai san gonar bakin dutse ba. Ita ta san ta. Farin dutse ne zalla a saman gaɓa, inda igiyar ruwa ke feso gishiri dare da rana. Mijin Gwaggo ya gwada rogo a wurin, ya gwada ayaba, ya haƙura. Ko ciyawa a can a kwance take fitowa.

Ta ɗago ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dube ta ido cikin ido, ba ta ƙifta ba.

Ta buɗe baki za ta gargaɗe shi, sai ta tuna an riga an rufe mata wannan ƙofar. Kelepi na can yana ta murna, yana naɗe hannun rigarsa, yana tambayar maza ta ina ake bi a je gonar.